Shekarar da Aka Rufe Rijiyar Inna

Na san abin da aka gaya muku game da ni da Kawu Ilu, domin ni ma an sha gaya mini. A wani gidan biki a Bebeji wata mata ta taɓa ba ni labarin kaina. Matar ba ta san ni ce Talatun ba, na zauna ina gyaɗa kai har ta kai ƙarshe, sannan na ce mata lallai wannan baiwar Allah ba ta kyauta ba. Wasu sun ce rigimar gado ce ta raba mu. Wasu sun ce boko ne ya hau mini kai, na tozarta uwata don a yi mini ƙarin girma a wurin aiki. Ƙarin girman kuwa har na yi ritaya ban ga ƙeyarsa ba. Yanzu Kawunku ya riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwoyina sun fara ba ni sanarwa, shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru, kada ku gaji fushin da ba ku san tushensa ba.

Ba ku san kakarku Inna Hajara ba sai a hoto. Gidanmu yana bakin hanya ne, a garinmu da ke tsakanin Tudun Wada da Doguwa, dab da inda dajin Falgore ya fara. Tun muna yara akwai randa a zaurenmu wadda ba ta taɓa bushewa. Inna ce ke cika ta da kanta, ta ajiye moɗa a kai, duk mai wucewa ya sha ba sai ya yi sallama ba. Idan ka taɓa ruwan nan ka wanke ƙafa, ranar za ka san Inna tana da murya. Da ta rasu, Yaya Ilu, wanda shi ne babbanmu kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, ya ce randa ta yi wa Inna kaɗan. Ya kira masu haƙar rijiya, amma bai tsaya a sama yana ba da umarni ba. Ya tuɓe riga ya shiga ramin tare da su, har sai da ruwa ya ɓuɓɓugo. A waje ya haƙa ta, ba a cikin gida ba, don ta zama sadaka mai gudana, duk wanda ya sha ladan ya isa kabarin Inna. Ba wanda ya raɗa mata suna, amma kafin damina ta zagayo kowa Rijiyar Inna yake cewa. Direbobi suna tsayawa, 'yan Islamiyya suna sha, matan ruga masu tallar nono suna wanke ƙoransu su dama fura da ruwanta ranar kasuwa. Har ta kai mata suna aikowa a ɗebo musu don wankan jariri, wai ruwan yana da albarka.

Ni kuma a lokacin duba-gari ce a sashen lafiya. Kun san aikin nan ba ya jawo wa mutum masoya. Idan aka hango ni da farar riga, sai ka ji mata suna kiran yara a kawar da kwanukan wanke-wanke, Yaya kansa yana tsokanata da mai leƙa randar mutane. A shekarar da nake ba ku labari an yi damina mai ƙarfi, amai da gudawa suka shiga yara. Aka umarce mu mu ɗebi ruwan rijiyoyin da jama'a ke sha a kai Kano a gwada. Da hannuna na ɗebi na Rijiyar Inna, ina ma yi wa abokan aikina alfahari cewa wannan ba sai an gwada ba. Da sakamako ya dawo, tana cikin waɗanda suka gurɓace, kuma tata ta fi muni. Ba wani abin ɓoye ba ne ya jawo. Gari ne ya cika, inda da gona ce ya zama gidaje, kowane gida da masansa. Mafi kusa ma shi ne wanda Yaya ya haƙa da ya yi wa ɗansa Habu sashe zai yi aure. Ruwan sama ya cika ƙasa, ƙazanta ta riƙa tsiyaya tana gangarawa cikin rijiyar. Irin wannan ko an zuba magani, kwana kaɗan ne zai dawo.

Da a ce shekarun baya ne, da na san yadda za a yi. Takarda takan kwanta a durowa. Mu je wurin mai rijiya a asirce, ko mu bi ta wurin mai unguwa, a yi magana a zaure murya ƙasa-ƙasa, a zuba magani, kowa ya tashi da mutuncinsa. Kada ku raina wannan hanya. Da ita aka zauna lafiya shekara da shekaru, kuma rufin asiri ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Illarta ɗaya ce, wanda ba ya zaure ba ya ji. To sai ga dokar 'yancin samun bayanai ta iso mu, bayan an daɗe ana gardama ko ta shafi irinmu na ƙasa-ƙasa ko iyakarta manyan ofisoshin Abuja. Aka kai mu bita, aka ce daga yanzu duk abin da ya shafi lafiyar jama'a ba mallakar durowa ba ne. Kowa yana da ikon ya zo ya tambaya a ba shi, irin wannan sakamako ma ba sai an jira tambaya ba, a ɗora shi a shafin intanet na hukuma kowa ya gani. A wurin bitar na fi kowa tafi, domin na sha ganin takardun da suka kwana a durowa alhali yara suna kwana a asibiti.

Shugaban sashenmu, Alhaji Garba, dattijo ne mai kunya, kuma ya sha ruwan randar Inna yana ɗan makaranta. Ya kira ni ofis ya tura ƙofa.

"Malama Talatu, na ga abin da kika gani. Doka ta ce a wallafa, ba ta ce a tozarta kowa ba. Kowace rijiya tana da lambar da muka ba ta. Ki sa lambar kawai, mun cika umarni."

"Ranka ya daɗe, wa ya san lambar nan in ba ni da kai ba?"

"Babu. Shi ya sa na ce ki sa ta. Amma aikinki ne, ke za ki sa hannu. Duk wanda kika zaɓa ina bayanki."

Ban yanke komai ba sai da na je gida, domin ba zai yiwu Yaya ya ji daga bakin wani ba. Na same shi da la'asar a zaure yana gyaran buhunan masara. Na durƙusa na gaishe shi, matarsa Binta ta kawo mini kunu, muka taɓa hirar damina. Sannan na faɗa masa. Bai yi musu ba, wannan ku riƙe shi. Mutane suna cewa Kawunku jahilci ne ya sa shi fushi, ƙarya ne. Ya saurare ni tsaf, ya tambayi ta ina ƙazantar ke shiga, na nuna masa. Ya daɗe yana kallon bangon sashen Habu.

"Ke nan da hannuna na ɓata ta," in ji shi.

"Ba kai kaɗai ba ne, Yaya. Gari ne ya matso."

"To. Daga yau gidan nan an daina sha. Zan gaya wa Liman ya sanar da maƙwabta bayan sallah. Amma Talatu, abu ɗaya nake roƙonki. Wannan allon naku na waya, kada sunan Inna ya hau shi. Matar da ta ƙare rayuwarta tana shayar da mutane, kada a ce ruwanta ne ke kwantar da 'ya'yansu."

"Yaya, to ka sa mata murfi da kwaɗo."

Ya dube ni kamar na zage shi.

"Rijiyar sadaka? In kulle ta, mai ƙishi ya zo ya tarar da kwaɗo da sunan Inna? Zan zauna a nan, duk wanda ya zo in gaya masa da bakina."

Na san da gaske yake, na kuma san ba zai yiwu ba. Lokacin aikin gona ne, da asuba yake fita sai azahar. Sanarwar Liman iyakarta sahun masallaci. Direban da ya taso daga Jos ba ya sahun nan, matan ruga ma ba sa ciki. Ban faɗa masa haka ba. Na ce zan duba, na yi sallama na fito.

Babanku, Allah Ya ji ƙansa, ba mai yawan magana ba ne, sai dai idan an taɓo ƙwallo. Da na zayyana masa, ya ajiye jan biron da yake duba aikin ɗalibai da shi.

"Ni ba zan ce ki yi ko ki bari ba. Amma ki sani, idan kin yi, gidan nan kaɗai zai rage miki. Mace kuwa tana son inda za ta je ta yi ƙarar mijinta."

Na yi dariya, ina share hawaye. Gaskiya ya faɗa. Uwa babu, uba babu, zauren Yaya shi ne gidanmu.

Na kusa sa lambar. Abin da ya hana ni ya faru ne a ƙaramin asibitin garinmu da hantsi, na je duba yaran da aka kwantar. A bakin wani gado na tarar da Adda Hawwa, wata Bafulatana daga rugar gefen daji wadda ta shekara da shekaru tana kawo wa Inna nono. Jikanta ne a kwance, an ɗaura masa ruwa, idanunsa sun faɗa. Ta kama hannuna tana murna ta ga 'yar gida. Sai na lura da wata 'yar jarka a ƙarƙashin gadon.

"Adda, wannan ruwan fa?"

"Na Inna ne. Tun da ciwon ya kama shi na hana a ba shi na rafi. Da sassafe nake zuwa in ɗebo, shi kaɗai yake sha. Ruwan mutuniyar kirki ai magani ne."

Na karɓi jarkar na ce ta bar ba shi, na yi mata bayani. Ta saurare ni cikin ladabi, amma na ga ba ta gamsu ba. A ganinta wata rigimar cikin gida ce tsakanina da Yaya nake son in sa ta a ciki. A nan na gane abu biyu. Sunan Inna shi ke kawo mutane bakin rijiyar, don haka sunan ne kaɗai zai iya tsayar da su. Kuma magana a asirce, ko daga bakina ce, ba za ta yi nauyin da hukuma za ta yi idan ta faɗa a fili ba. Na koma ofis na zauna kusa da mai buga mana takardu a kwamfuta. Da ta zo layin, ta ɗaga kai ta dube ni. Na ce ta rubuta Rijiyar Inna Hajara, bakin hanya, kada a sha, kada a yi girki, kada a yi wa jariri wanka. Na sa hannu, aka ɗora.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai abin da na riƙa lallashin kaina da shi. Na ce intanet ɗin nan wa yake buɗe shi a garinmu? Ma'aikatan lafiya za su gani, su riƙa nuna wa mutane a waya cewa ga abin da hukuma ta ce, shi ke nan. Na yi niyyar in koma wurin Yaya ranar Juma'a in gaya masa abin da na yanke. Ban san cewa wani gidan rediyo a Kano yana bin irin waɗannan shafuka yana karantawa a shirin lafiya na safe ba. Kafin Juma'ar ta zo suka karanta. Yaya yana teburin mai shayi a tasha, cikin mutane, rediyo a rataye a jikin rumfa. Mai gabatarwa ya jero garuruwa, ya zo namu, ya ambaci sunan uwarmu cikakke, ya maimaita don kowa ya ji. Wani da yake wurin ne ya ba ni labari. Mai shayin ya miƙa hannu zai rage murya, Yaya ya ce ya bari. Da aka gama ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya tashi ya tafi.

Rediyon nan ya shiga inda ni da farar rigata ba mu taɓa shiga ba. Makiyayi ba ya rabuwa da rediyo, kafin azahar labari ya gama rugage. Ranar kasuwa ta zo, guga bai sauka a rijiyar ba ko sau ɗaya. Jikan Adda Hawwa ya tashi, gadajen asibiti suka fara samun sarari. Ba zan ce rijiyarmu kaɗai ce sanadi ba, akwai wasu da aka rufe tare da ita. Amma ni na san abin da na gani a ƙarƙashin gadon nan.

Hukuma ta aika leburori da siminti a rufe bakin rijiyar, Yaya ya sallame su. Shi da Habu suka kwaɓa nasu simintin, suka zuba murfi, ya shafe shi da hannunsa sumul. Ina tsaye daga tsallaken titi ina kallo, ban iya ƙarasawa ba. Da yamma na shiga ta ƙofar baya wurin Binta. Ta rungume ni muka yi kuka tare, sannan ta ce:

"Ba rufe rijiyar ne ya ƙona masa rai ba, Talatu. Ya ce roƙo ɗaya ya taɓa yi miki tun da aka haife ki."

Da Sallah na je gaisuwa kamar kullum. Na durƙusa na ce Yaya barka da Sallah. Ya amsa, bai ɗaure fuska ba, ya tambayi maigida da yara. Amma da Malama ya kira ni. Mutumin da ya goya ni ya kai ni makaranta ranar farko, ya ce mini Malama, an zo lafiya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Haka muka ci gaba. Bai taɓa hana ku shiga gidansa ba, bai taɓa faɗin mummunar kalma a kaina ba, shi ya sa masu ba da labari suka ƙirƙiro nasu. Ke Zainab, kin daɗe kina riƙe da shi don bai zo ɗaurin aurenki ba. Ki sani gadon da kika kwanta a kai a ɗakinki shi ya saya, ya ba Binta ta kawo, ya ce kada a faɗa. Zuwa ne ya kasa, domin da ya zo dole ya zauna a matsayin uban amarya a gidana, ya yi dariya da ni a gaban mutane, shi kuwa bai iya riya ba.

Na sha tambayar kaina ko akwai wata hanya ta uku da ban gani ba. Har yau ban samo ta ba. Dokar nan mai kyau ce, ina nan a kan bakana, abin da hukuma ta sani game da ruwan da ɗanka ke sha haƙƙinka ne ka sani. Sai dai waɗanda suka rubuta ta suna tunanin manyan ma'aikatu ne da masu ɓoye ɓarna. Ba su san cewa a ƙauye kowace rijiya tana da sunan uwar wani ba, kuma mai sa hannu a takardar wataƙila 'yar matar ce. Yaya yana kare abin da ya cancanci a kare, ni ma haka. Abin da na yi nadama a kai shi ne Juma'ar da na jira, amma ko da na riga rediyo isa, amsar da zan ba shi ba za ta canja ba.

Bayan damina ta sake zagayowa aka haƙa burtsatse kusa da firamare, unguwarmu duka ta koma can, har da gidan Yaya. Lokacin Habu ya samu 'yan biyu. Wata ranar Litinin ina ofis, akwai mutane a kan benci suna jiran takardar shaidar tsabtar shago, sai na ɗaga kai na ga Yaya a ƙarshen layi. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, hula a karye, hannuwa a kan gwiwa. Na miƙe da sauri na ce Yaya shigo ciki. Ya ɗaga mini hannu alamar in zauna. Sai da kowa ya gama, layi ya zo kansa, sannan ya matso gaban teburina. Na jawo masa kujera, bai zauna ba.

"An ce dokar nan taku ta ba kowa ikon ya tambaya."

"Haka ne, Yaya. Kowa."

"To ina so in san abin da gwaji ya ce a kan ruwan famfon makaranta. Jikokina shi suke sha."

"Ai da ka aiko Habu, ko ka kira ni in zo gida in gaya maka."

"A'a. Idan kin zo gida ƙanwata ce, za ki iya tausaya mini. Nan na zo, inda ba kya tausayin kowa."

Na buɗe shafin a kwamfuta, na juya masa fuskarta duk da na san ba ya karanta boko, na karanta masa layi-layi. Ruwan lafiya lau yake. Ya ce in maimaita, na maimaita. Ya tambaya ko za a sake gwadawa idan damina ta yi nisa, na ce za a sake, kuma duk abin da aka samu za a ɗora.

"Ko mene ne?"

"Ko mene ne, Yaya."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na sani. Shi ya sa na yarda su sha."

Ya gyara rigarsa, ya ce Malama a tashi lafiya, ya fita. Na bi shi da kallo ta taga har ya hau kekensa. Daga ranar, duk damina sai ya zo ya hau bencin nan ya jira layinsa, har shekarar da ƙafa ta hana shi. Bai sake kirana Talatu ba har ya koma ga Allah, amma bai taɓa tambayar kowa lafiyar ruwan jikokinsa ba sai ni.